Fannami, Mai Buɗe wa Kiɗa Hanya

Da an sallame sallar asuba, mutanen unguwarsu sukan ɗan tsaya a ƙofar masallaci a taɓa hira, a ji wanda ya kwana lafiya da wanda ya kwana da ciwo. Ban da Baba Fannami. Shi da ya shafa addu'a sai ya zura takalminsa na roba, ya leƙa gida ya karɓi ƙullin ɗumame a hannun matarsa 'Yar'azumi, ya saɓa gwangwalar da yake tuƙi da ita, ya soke lauje a ƙugu, ya bi ta lungun masu bandar kifi ya gangara bakin kogi. Kafin rana ta leƙo ya kwance kwale-kwalensa, ya kwashe ruwan da ya tarar a ciki da 'yar ƙwarya. In akwai baƙi ya ɗebe su. In babu ya tafi shi kaɗai, don aikin da ya fi damunsa ba ya jiran baƙo.

Haka Haɗeja ta san shi tun gashin kansa yana baƙi wuluk, har ya yi fari fat. Mai fito ne, ɗan mai fito. Mahaifinsa daga can bakin Tafkin Cadi ya biyo ruwa yana su, har ya iso nan ya ga wuri ya zauna. Abin da ya bar wa ɗansa bai wuce kwale-kwale da gwangwala ba, sai kuma wata ƙorama da ya nuna masa da yatsa ya ce kada ya bari ta toshe.

Ni kuwa tun da na ajiye alli, aikin da mutanen gari suka liƙa mini shi ne yawo da baƙi. Wanda duk ya yi baƙo daga Kano ko Abuja ko Maiduguri, ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya ce a kira Malam. In tsayar da Keke Napep mu shiga, in kai su su ga abin da ya rage na ganuwa, in zaga da su ƙofofin gari, mu tsaya a ƙofar fada, in nuna musu inda aka binne mazajen da suka faɗi ranar da Turawa suka shigo. Daga nan mu faɗa kasuwar kifi, inda hayaƙin banda zai kama musu riga har su koma garinsu da shi. Duk inda muka bi kuwa kunnensu ba ya hutawa, domin mu mutanen kiɗa ne, ba ma ɓoyewa. Mahauta da takensu, maƙera da nasu, manoma da nasu, masunta da nasu. Bahaɗeje ko rijiya zai yashe, sai ya ɗan waiwaya ya ga ko akwai mai kalangu kusa. Na sha ganin baƙo ya shigo yana ta ɗaure fuska, kafin la'asar sai ka ga kafaɗarsa tana motsi ba da saninsa ba.

Amma duk surutuna, a tudu yake ƙarewa. Idan na gama da su sai in gangara da su bakin kogi in danƙa su a hannun Fannami, in koma gefe in yi shiru. Shi ba mai yawan magana ba ne. Zai dubi baƙo daga sama har ƙasa, ya nuna masa inda zai zauna, ya ce, “Alhaji, ka zauna a tsakiya, ka bar wayar nan a aljihu tukuna, kogin nan ba ya mayar da abin da aka ba shi.” Sai ya dogara gwangwala, kwale-kwale ya zame. Yakan bi da su ta ƙarƙashin goruba da kanya, ya nuna musu kirinjijiya da ɗinya da zalɓe, da wasu tsuntsayen da sukan baro ƙasashen Turawa su zo cin rani wurinmu. In ya ga gauraka yakan tsayar da tuƙi cak, ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Daga nan ya karya hagu ya shiga ƙoramar Maikanya.

Dole in yi bayanin ƙoramar nan, don a kanta rayuwar mutumin ta ƙare. Wata 'yar siririyar hanyar ruwa ce da ta balle daga kogi, ta yi ta lanƙwasa cikin fadama har ta zube a tafkin Maikanya. Da damina, idan kogi ya cika, ta nan kifi yake bi ya shiga tafkin ya hayayyafa. Idan ruwa ya fara ja, Sarkin Ruwan Maikanya yakan kafa sanda a bakin tafkin ya ɗaura mata kaba, shi ke nan an rufe, ba mai jefa ko da ƙugiya sai ranar bikin su. A ranar kuwa jama'a za su taru tun da hantsi, masunta su jeru a gaɓa da homarsu da gorunansu, baƙi su cika gindin itatuwa, masu tsire da masu fura su baje. Amma duk yawan mutanen nan ba wanda zai tsoma ko yatsar ƙafa, sai an jiwo kiɗa ya biyo ruwa. Makaɗa daga cikin gari suke tasowa, kuma ba a yarda su zo ta tudu ba. A kwale-kwale za su zo, ta cikin ƙoramar, suna buga taken masunta. Sai hancin jirginsu ya leƙo tafki sannan Sarkin Ruwa zai tuge sandar nan, a yi kabbara a afka cikin ruwa.

Wasu baƙin sukan ɗauka don armashi ne kawai aka tsara haka. Ba haka ba ne. Mutanen da suna da dalilinsu: in jirgin makaɗa ya iya wucewa bana, to hanya a buɗe take, kifi zai iya shigowa baɗi. Duk ranar da kiɗa ya kasa biyo ruwa, tafkin ya fara mutuwa ke nan. Jirgin da yake ɗauko makaɗan nan kuwa, tun ina saurayi, na Fannami ne.

Sai ga kacala. Kai, Allah wadaran ciyawar nan! Muna yara ba mu san ta da yawa ba, sai ɗan tsiro nan da can a gefen ruwa. Yanzu ta cinye fadama, ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus ta tsaya. Ta shanye gonakin shinkafa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan jan-baki, tsuntsayen da in suka sauka a gonar gero sai dai mai gona ya koma gida da kara. Ƙoramu nawa na sani da sunansu waɗanda yau ko kare ba zai ratsa ba? An yi taro, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Ta Maikanya ce kaɗai ta rage a wannan yanki da kwale-kwale yake bi, kuma ba don komai ba sai don mutum ɗaya ya ƙi haƙura.

Ga yadda yake yi. Yakan ɗaure kwale-kwale, ya tuɓe riga, ya shiga ruwa har ƙirji. Ya kama kan kacala da hannun hagu ya tanƙwaso ta, ya nutsar da hannun dama da lauje can ƙasa kusa da laka, ya yanke. Wani lokaci sai ya ja numfashi ya nutse gaba ɗaya. Dalili kuwa, in aka yanke ta a saman ruwa, kututturen yana shaƙar iska, ba a jimawa za ta tofo fiye da da. In aka yanke ta a ƙarƙashi, ruwa ne zai cika karan, saiwar ta ruɓe. Abin da ya yanka kuma ba ya barinsa a ruwa, sai ya jawo shi ya tara a gaɓa. Aiki ne na a hankali, mai cin rai, ba wanda yake kallo. Idan ya fito za ka ga matsattsaku sun liƙe masa a ƙwauri, ya zauna yana cire su ɗaya-ɗaya yana jefarwa, ko tsaki ba ya yi. Kafin ya kai ƙarshen ƙorama, farkonta ya sake tsirowa, sai ya dawo ya soma.

Kai ne wannan, Fannami. Kai ne ka shekara kana yankan abin da ba ya ƙarewa, don a yi kiɗan yini ɗaya. A ranar biki makaɗa ake yi wa guɗa, masunta ake ɗauka hoto, Sarkin Ruwa ake yi wa kirari. Kai kana can bayan jirgi a tsaye da gwangwala, in ka shiga hoto ma sai dai gwiwar hannunka.

Akwai abin da wata baiwar Allah, Hajiya Ummussalma, take faɗa duk inda ta zauna, kuma a gabana aka yi. Daga Zariya ta kawo mahaifinta, tsoho tukuf, wanda ya bar Haɗeja tun yana saurayi bai sake dawowa ba. Ba ya iya taka ƙafa, idonsa ma ya yi rauni. Abu ɗaya ya ce yana so kafin ya koma ga Allah, ya ji taken masunta a kan ruwa. Ba lokacin biki ba ne, na ce mata gaskiya abin da wuya. Fannami yana gefe yana jin mu. Sai ya tafi ya ɗauko abokinsa Haladu mai kalangu daga wurin wani suna, ya dawo ya durƙusa gaban tsohon ya ce, “Baba, hau.” Ya goya shi har cikin jirgi. Da suka shiga ƙorama Haladu ya saki taken, tsohon nan ya tsoma hannu a ruwa, ya fara kiran sunayen abokansa na ƙuruciya yana hawaye. Hajiya ta ce ko wata bai cika ba bayan komawarsu ya rasu, kuma har ranar ƙarshe maganar ƙoramar nan yake yi.

Mutanen ƙauyen Maikanya su ma suna da nasu labarin. Shekarar da ambaliya ta shanye hanyar mota, ta ƙoramar nan aka riƙa fito da mata da yara da awaki. Ta nan aka fito da wata mai naƙuda. Duk sun sani, duk suna sa masa albarka. Amma ka tambaye ni mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa ɗaukar lauje ya bi shi, in gaya maka ba ko ɗaya. Mu ma na cikin gari haka. 'Ya'yansa maza sun tafi Kano neman abinci, kuma ban ga laifinsu ba, don ba wanda zai ciyar da iyali da yankan ciyawar da ba a saye. Abin yana ƙona mini rai, wallahi. Gari guda muna cin moriyar ƙashin bayan tsoho ɗaya, muna ce masa sannu da ƙoƙari.

Bara jikin ya ce ya gaji. Ruwa ya fara ja ke nan zazzaɓi ya kayar da shi, ya daɗe a kwance. Da ya tashi ba ƙarfi a jikinsa, ga biki ya matso, ga fiye da rabin ƙorama a toshe. 'Yar'azumi ta ɓoye laujen a ƙarƙashin gado. Ta ce masa, “Maigida, in ka shiga ruwan nan a haka, gawarka za a kawo mini.”

Haladu ne ya zo duba shi ya tarar da shi zaune a zaure ya yi tagumi. Su biyun nan tun suna samari suke tare, ɗaya a gaban jirgi da kalangu, ɗaya a baya da gwangwala, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Haladu ya ce, “Babarbare, yaya na gan ka kamar an ƙwace maka tuwo?”

Fannami ya ce, “Bari kawai, maroƙi. Bana ban san ta inda zan bi da ku ba.”

Haladu ya bushe da dariya ya ce, “Don wannan? Kai dai matsalarka ba ka san amfanin makaɗi ba. Ka ba ni zuwa Asabar, in ban tara maka samarin garin nan ba, ka canza mini suna.”

Ya kuwa cika alkawari. Ya bi unguwa-unguwa ya yi gayya, ya sa matan unguwa suka dama kunu, ya kira 'yan'uwansa makaɗa har da masu gangar noma. Ranar Asabar bakin ƙorama ya cika da samari majiya ƙarfi, kowa da laujensa ko adda. Aka ɗauko Fannami a babur aka shimfiɗa masa tabarma a gindin kanya. Ina wurin. Na ga fuskarsa lokacin da ya ga taron, ban taɓa ganin ya yi murna irin ta ranar ba. Ya tashi da ƙyar ya fara yi musu bayani, “'Ya'yana, a ƙasa ake yankanta, can kusa da laka…” Bai rufe baki ba ganga ta tashi.

To, ku da kuka san mu, kun san abin da kiɗan gayya yake yi wa saurayi. A gona, in an buga wa mutum takensa, so yake ya riga na kusa da shi kai ƙarshen kunya. Haka suka ɗauki ƙorama. Haladu ya kama kiran sunaye, wane ɗan wane, wane na wance, 'yan mata suna guɗa a gaɓa. Wa zai tsaya ya nutse yana laluben gindin ciyawa alhali abokinsa ya yi gaba ana yi masa kirari? Sai suka shiga sara daga tsaye, a saman ruwa, fyat-fyat, kacala tana zubewa a bayansu. Fannami ya miƙe yana ɗaga hannu yana cewa, “Ƙasa! Ku yi ƙasa!” Ba mai jin sa. Waɗanda suka hango hannunsa a sama sun ɗauka jinjina yake yi musu, suka ƙara wuta. Ya bi gaɓa yana tangaɗi yana kira har muryarsa ta dushe, sannan ya dawo ya zauna a tabarma.

Kafin azahar an gama. Ka tsaya a bakin ƙorama ka hango sararin sama har can nesa, abin gwanin kyau. Samari suka fito suna haki suna dariya, suka kewaye shi. Haladu ya matso gumi yana zuba, ya ce, “Babarbare, aikin da kake wata da watanni kana yi, ga shi kafin kunu ya huce. Yanzu me ka ce?”

A garinmu ba a kushe aikin gayya. Mutane sun bar sana'arsu sun zo don ƙaunarka, ba ka da abin cewa sai godiya. Fannami ya dubi abokinsa, ya dubi yaran nan da suka yanyanke hannu saboda shi, ya ce, “Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku masu yi muku.” Aka shafa, aka sha kunu, aka watse da kiɗa.

Ni na tsaya don in raka shi gida. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, “Malam, ka ga tsinin can?” Na duba, sai na ga kututture birjik, kowanne an sare shi a karkace, ya ɗan leƙo saman ruwa. Ya ce, “Ruwa ja yake yi, kullum za su ƙara fitowa. Da tana tsaye, ina da abin kamawa in tanƙwaso. Yanzu me zan kama?” Ganyen da aka sare kuma duk yana kwance a cikin ƙorama, zai jiƙe ya nutse ya zama katifa. Na ce ko in gaya wa Haladu. Ya ce, “Kada ka soma. Da zuciya ɗaya ya yi.”

Washegari ya sa 'Yar'azumi ta fito da laujen. Ta yi kuka, ta ba shi. Daga ranar har jajiberin biki yana cikin ruwa, yana laluben kututture da yatsu yana yanka, ga sabon tofo kore shar yana fitowa tsakaninsu. Ya share abin da ya iya. Wani dogon wuri a tsakiya, inda ruwa ya fi ja, bai kai gare shi ba.

Ranar biki na cika Keke Napep biyu da baƙi, na tura su Maikanya ta tudu, ni kuma na shiga jirgin makaɗa. Haladu yana gaba ya sha sabuwar riga, makaɗa uku a bayansa, Fannami a tsaye da gwangwala. Muka taso da kiɗa, mutane suna ɗaga mana hannu daga gaɓa. Farkon ƙorama lafiya lau. Muna isa tsakiya sai muka ji ƙurrr a ƙarƙashinmu, jirgi ya tsaya cak. Fannami ya dogara gwangwala har ta lanƙwashe, ko motsi. Kiɗa ya mutu. Haladu ya leƙa ruwa, ya ga tsinin kututture sun kewaye mu ta ko'ina, ya ɗago ya dubi abokinsa. Shi ma ɗan bakin kogi ne. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

Ya ce, “Fannami, aikinmu ne wannan?”

Fannami ya ce, “Kai dai buga.”

Haladu ya fara tattare riga zai sauka, mu ma muka yunƙura. Fannami ya daka mana tsawa, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce makaɗi ba ya taka ƙasa kafin tafki, in ya taka an karya al'ada. Ni kuma ya ce in zauna in riƙa kwashe ruwa, don tsini ya huda jirgin. Ya ajiye gwangwala, ya tuɓe riga, ya ɗaura igiyar jirgi a ƙirji ya sauka. Taku kaɗan laka ta cire masa takalman robar nan ta riƙe. Ya ci gaba a haka.

Ban san yadda zan kwatanta muku tafiyar nan ba. Tsoho ne wanda bai gama warkewa ba, yana jan jirgi da mutum biyar a kan tsinin kara, ƙafa ba takalmi. In jirgi ya maƙale ya dawo ya sa kafaɗa ya ɗaga, ya koma ya ja. Ruwan da yake bari a bayansa ya canza launi. Haladu yana buga taken masunta hawaye yana zuba a kan fatar kalangu, in ya sassauta sai Fannami ya waiwayo ya ce, “Buga, suna jira!” A can kuwa jama'a tun hantsi suke tsaye a rana, har wasu baƙin sun fara neman abin hawa. Sai bayan azahar kiɗa ya iso musu. Hancin jirgi ya leƙa tafki, Sarkin Ruwa Yunusa ya tuge sanda, aka yi kabbara, masunta suka afka cikin ruwa. Ba wanda ya lura da mutumin da ya rarrafa gaɓa ya kwanta a gindin goruba.

Da ma a ce kifin ya biya wahalar. Ina! Tafkin da a da ake fito da giwan ruwa sai mutum biyu sun ɗauka, a ranar 'yan karfasa ne da tarwaɗa ba su fi tafin hannu ba. Kafin la'asar an fito. Baƙina dai sun ji daɗi, sun ɗauki hoto, wani ma ya ce mini bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Sarkin Ruwa ya zo inda muke ɗaure wa Fannami ƙafa da rawanin wani, ya tsuguna ya yi masa sannu. Sannan ya ce, “Baba Fannami, baɗi sai dai makaɗa su zo a babur. Ba za mu kashe ka ba saboda al'ada.”

Fannami ya ce, “Sarki, kifin ma a babur zai zo?”

Sarkin Ruwa ya tashi ya tafi.

Ƙafar ba ta warke da wuri ba. A asibiti aka gano yana da ciwon suga, likita ya ce shi da shiga ruwa har abada, in yana son ya tsira da ƙafafunsa. Kwale-kwalen yana nan a kife a bakin kogi. Damina ta zo ta wuce, kacala ta tashi a ƙoramar Maikanya fiye da kowace shekara. Yanzu idan na gama yawo da baƙi a tudu, sai in tsaya da su a gaɓa in nuna musu da yatsa in ce can akwai tsuntsaye, can akwai tafki. Su gyaɗa kai mu koma mota. Ba na jin daɗin aikin kuma, gaskiya ke nan.

Fannami kuwa bai daina fitowa da asuba ba. Yana dogara sanda ya gangara har bakin ƙorama, ya zauna a gindin kanyar nan da dutsen washi. Ya bi maƙera ya tara lauje da yawa, kullum sai ya wasa su ya rataye a reshe, wai ko wani zai zo. Muka sa ranar share ƙorama, na sa an yi sanarwa a masallatai, na gaya wa shugabannin samari. Kowa sai ya ce in sha Allahu, sannan ya tambaya wane makaɗi ne zai zo. Da na ce ba kiɗa, sai in ga fuska ta canza.

Ranar da muka sa, na je da sassafe. Lauje suna rataye suna ƙyalli. Muka zauna ni da shi har rana ta ɗaga, ba kowa. Can sai ga mutum ɗaya tafe a ƙasa, ba riga mai kyau, ba komai a kafaɗarsa. Haladu ne. Tun ranar biki bai iya haɗa ido da abokinsa ba. Ya yi sallama, ya miƙa hannu ya ciro lauje ɗaya, ya tuɓe riga.

Fannami ya ce, “Maroƙi, ina kalangun?”

Haladu ya ce, “Na bar shi a gida.”

Ya shiga ruwa yana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron ƙaya. Mutum ne da ya tsufa bai taɓa riƙe abin da ya fi sandar kiɗa nauyi ba. Ya kama kan kacala, ya kai lauje. Daga gindin kanya muryar nan da ta dushe ta ce, “Ƙasa, Haladu. Ƙara yin ƙasa.” A karon farko aka ji shi, don ba abin da yake ƙara a wurin sai kukan kirinjijiya. Har azahar Haladu bai share abin da ya fi tsawon jirgi ba. Ƙoramar kuwa tafiya ce mai nisa, kuma shi ma ya haura saba'in. Ba zan yaudare ku ba, a haka ba za ta buɗe ba.

Fannami na 'Yar'azumi, mai hanya a cikin ruwa, mun gode. Kai ne ka goyi iyayen wasu, ka fito da 'ya'yan wasu daga ambaliya, ka kai baƙinmu inda bakina ba ya iya kai su. Kai ne aka ɓata wa aikin shekara ka ce Allah ya yi albarka. Ka ba mu ƙafafunka don kiɗanmu ya isa inda ake jiransa, mu kuwa ko sunanka ba mu sa a waƙa ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya sa wahalar nan ka same ta a mizani.

Ku kuma samarin Haɗeja da na Maikanya, na san ba mugunta gare ku ba, na ga yadda kuka zo ranar gayya. Ruwa ya fara ja, Sarkin Ruwa ya kafa sandarsa, ya ɗaura kaba. Tsoho yana nan a gindin kanya kowace safiya, lauje a wase, bakinsa yana iya koyarwa ko da ƙafarsa ta daina. Ba za a kira sunan ubanku ba, ba mai yi muku guɗa, matsattsaku kuma za su sha jininku. In kun yarda da haka, ku zo gobe bayan asuba, ku tarar da Haladu a cikin ruwa. Ku bar ganga a gida.